Shanya, Bugu da Guga a Ƙasar Wudil: Daga Yashin Kogi zuwa Injin Busar da Kaya

Busar da tufafi bayan wanki aiki ne da rana da iska suke yi wa mutanen ƙasar Wudil tun kaka da kakanni, kuma har gobe su ne ke yin sa. A Dagumawa, ɗaya daga cikin mazaɓu goma na ƙaramar hukumar Wudil a Jihar Kano, da wuya a shiga gidan da babu igiyar shanya a tsakar gida. Inda igiya ta cika, sai a yafa zane a kan dangar kara ko a kan katanga, a ɗora ɗan dutse don kada iska ta kwashe shi. A Amurka da Kanada magidanci yakan yi dogon lissafi kafin ya zaɓi injin busar da kaya mai aiki da gas ko mai aiki da lantarki. Wannan tambaya ba ta iso ƙasar Kano ba sai kwanan nan, kuma ko da ta iso, a bakin masu otal da asibitoci da manyan shagunan wanki ta tsaya. Dalilin haka yana cikin yanayin ƙasar da kuma tarihin yadda Bahaushe yake kula da suturarsa.

Ruwan sama a wannan yanki yana sauka ne daga wajen watan Mayu ko Yuni zuwa Satumba, ya fi ƙarfi a Agusta. Sauran watanni bakwai ko takwas na shekara kuwa busassu ne. Da hunturu iskar arewa maso gabas takan zo a bushe ƙarau, ta tsotse danshin duk abin da ta samu, har leɓe ya tsage. Rigar da aka shanya da hantsi takan bushe kafin azahar ko da hazo ya rufe rana. Illar hunturu ƙura ce, wadda ke mayar da farin kaya ruwan ƙasa idan aka bar su a igiya suka yini. Da bazara zafin rana ya kan wuce digiri 40, kaya su bushe cikin awa guda, sai dai launi yana koɗewa, shi ya sa mata ke juya atamfa a bai-bai kafin su shanya ta. Matsala ta gaske guda ce, wato marka. A makonnin da ruwa ke yini yana zuba, ana shanya ana kwashewa, a ƙarshe a ɗaura igiya a cikin ɗaki ko a zaure, kaya su kwana biyu da danshi har su fara wari.

Kogin Wudil, wanda ruwan Kogin Kano da na Challawa ke haɗuwa su samar kafin ya gangara Haɗeja, shi ne babbar mawanka ta yankin. Kafin a kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, kogin na damina ne kawai. Da rani ya kan ja baya ya bar shimfiɗar yashi mai faɗi, a tona ɗan rami a samu ruwa, a yi wanki a gefensa, a baje kaya a kan yashin mai zafi. Yashi mai tsabta ya fi igiya saurin busarwa, domin zafi yana bugun tufa ta sama da ta ƙasa, kuma da an kakkaɓe shi ke nan. Bayan Tiga, sannan madatsar Challawa a 1992, ruwa ya riƙa gudana duk shekara, filin yashin ya ragu, masu ɗibar yashi na gini kuma suka ƙara cinye shi. Duk da haka matafiyin da ya bi ta gadar Wudil a kan hanyar Kano zuwa Maiduguri yana iya hango masu wanki a bakin ruwa da kayansu a baje. Ƙauyukan da ke nesa da kogi kuwa da rijiya da tafki suka dogara, yanzu kuma da famfon tuƙa-tuƙa.

Wanki ya rabu gida biyu tun asali. Matan aure suna yin nasu a cikin gida, su shanya a inda idon baƙo ba ya kaiwa, musamman ƙananan kaya, waɗanda akan lulluɓe da zane a kan igiya saboda kunya. Kayan maigida sau da yawa samari ne ke fita da su, ko barori a gidajen masu hali, ko almajirai, waɗanda ranar Alhamis, da yake babu karatu, ita ce ranar wankinsu. Da sabulun salo ake yi, wanda mata ke dafawa da ruwan toka da mai. Akwai kuma ƙa'idar addini a ciki: a mazhabar Malikiyya da ake bi a nan, bushewa ba ta tsarkake tufar da najasa ta taɓa, sai an wanke ta da ruwa mai tsarki. Saboda haka inda aka shanya kaya yana da muhimmanci, kuma mai tsantseni ba ya baje rigar salla a ƙasan da dabbobi ke bi.

Sai dai a ƙarni na 19 ba kowace tufa ake wankewa a kai a kai ba. Saƙi da tsamiya da barage kaya ne masu tsada da nauyi, ana sa su ranar Juma'a ko ranar salla, a shanya su su sha iska, a turara, a ninke a ajiye. Rigar kore da rawanin ɗan Kura darajarsu tana cikin shunin da ke bisa fuskarsu, wanda ruwa ke tafiya da shi. Idan irin wannan riga ta dushe, wurin marina da masu bugu ake mayar da ita.

A nan ne shanya ta zama sashe na babbar sana'a. Lokacin da Bajamushe Heinrich Barth ya shigo Kano a 1851, ya tarar tufafin da ake saƙawa ana rinawa a ƙasar su ne ginshiƙin cinikinta, har ya ƙiyasta cewa ana kai aƙalla kayan raƙuma 300 zuwa Tumbuktu kowace shekara. Aikin bai tsaya a birni ba. Masanin tarihi Philip Shea, wanda ya daɗe yana koyarwa a Jami'ar Bayero, ya nuna a bincikensa na 1975 cewa yawancin rinin a garuruwan karkara aka yi shi, irin su Kura, kuma abin da ya ba sana'ar damar faɗaɗa shi ne laso, simintin gargajiya da ake haɗawa da katsin da aka kwaso daga ƙasan karofi aka ƙona, wanda da shi ake shafe manyan ramukan rini. Rinin baba kuwa ba ya kamawa sai da iska. Idan aka tsamo zane daga karofi, kore-kore yake fitowa, sai ya sha iska sannan ya juye shuɗi a gaban idon mai kallo. Ana tsomawa, a fitar, a matse, a shanya, a sake tsomawa, har sai launin ya kai baƙin da ake so. Don haka kowace marina tana da filin shanya a gefenta, kuma marini ya fi kowa sanin halin sararin sama. Haka abin yake har yau a karofin Ƙofar Mata da ke Kano.

Bayan shanya sai bugu, wanda shi ne gugar mutanen dā. Ana kwantar da gungumen itace mai tauri da santsi a ƙasa a cikin rumfa. Masu bugu su zauna a gefensa, sau da yawa biyu suna fuskantar juna, kowa da guduma ta katako mai nauyi. A yayyafa wa rigar ruwa kaɗan don ta yi laushi, a ninke ta, a ɗora kan gungumen, a shiga saukar mata da guduma bi da bi, wannan ya ɗaga wancan ya sauke, ana jan ta kaɗan-kaɗan har ko'ina ya samu. Sautin yana kaiwa unguwa ta gaba. Idan turkuɗi ne ko ɗan Kura, akan barbaɗa garin shuni a buge shi ya shige cikin zaren, har tufar ta riƙa ƙyalli ja-ja kamar wuyan tantabara, irin wanda Buzaye ke biya da tsada. Babu wuta ko kaɗan a wannan aiki. Ƙarfin damtse da nauyin katako ne ke kwantar da zare su fito da sheƙi, kuma wannan ne ya sa bugu bai mutu ba: mai shadda mai tsada, irin Getzner da ake yi a ƙasar Austriya, har yanzu ya fi yarda da mai bugu a kan dutsen guga, domin zafi na iya kashe mata ƙyalli.

Zuwan Turawa ya sauya kayan da ake wankewa kafin ya sauya yadda ake wanke su. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, yadin Ingila mai sauƙi da araha ya cika kasuwa, kuma shuɗin kanti, wanda kamfanin BASF na Jamus ya fara sayarwa a 1897, ya soma cin kasuwar baba. A shekarun 1920 kamfanin Lever ya kafa masana'antar sabulu a Apapa. Daga baya masaƙar Kaduna ta fara aiki a 1957, na Kano suka biyo baya a Bompai da Sharaɗa da Challawa. Farin yadi yana nuna dauɗa da wuri, yana kuma yamutsewa, ga shi malamin makaranta da akawun En'e da ɗan doka duk ana son a gan su fes. Wudil, da take gundumar Makaman Kano, tana da irin waɗannan ma'aikata. Ta haka bula da sitati da dutsen guga suka shigo, tare da sabuwar sana'a ta mai wanki da guga.

Dutsen guga na gawayi akwatin ƙarfe ne mai murfi da maƙulli a goshi, da 'yan ramuka a gefe don iska. Mai guga yana zuba garwashi a ciki, ya rufe, ya riƙe marikin katako ya yi ta lilo da shi har wutar ta ruru. Ba shi da ma'aunin zafi, saboda haka sai ya tsoma yatsa a ruwa ya ɗan taɓa gindin dutsen ya ji ƙarar, ko ya fara gwadawa a kan tsumma. Kusa da shi akwai kwanon ruwa da yake yayyafawa da hannu. Abin da yake tsoro shi ne tartsatsi ko toka su faɗo ta ramukan, domin ɗigo ɗaya na garwashi ya isa ya huda babbar rigar da kuɗinta ya fi abin da zai samu a wata. Gogaggen mai guga ba ya barin kaya su bushe ƙayau a igiya. Yana kwashe su da sauran laima, dutsen ya ƙarasa busarwar. Da marka ma haka gidaje ke yi da kayan makarantar yara. Guga tana da wani amfani da ba kowa ya sani ba: akwai ƙudan da ke yin ƙwai a jikin tufa mai danshi, musamman wadda aka baje a ƙasa ko a inuwa, tsutsarsa ta shiga fata ta zama maruru. Ya fi yawa a wurare masu laima, kuma zafin guga yana kashe ƙwan.

Idan akwai wurin da mutanen ƙasar Wudil suka daɗe suna auna makamashi da makamashi, to a kan dutsen guga ne. An yi wa dutsen lantarki rajista a Amurka tun 1882, amma amfaninsa a nan ya rataya ne a kan wutar da ba ta da alƙawari. Hukumar lantarki ta ECN ta fara aiki a 1951, madatsar Kainji ta soma ba da wuta a 1968, aka kafa NEPA a 1972, ta koma PHCN a 2005, sannan a Nuwamban 2013 kamfanin KEDCO ya karɓi rarraba wuta a Kano da Katsina da Jigawa. Sunaye sun sauya, dutsen gawayi bai bar shagon mai wanki ba. Dutsen lantarki yana jan wat 1,000 ko fiye, ƙaramin janareta kuwa bai kai hakan ba, don haka ko mai inji ya kan ajiye na gawayi. A 'yan shekarun nan an samu na uku, dutsen guga mai aiki da gas, wanda ake haɗawa da tukunya ta siririn tiyo. Ba ya toka, ana iya rage masa wuta, kuma wasu masu sana'ar a birane sun karɓe shi, duk da tsadar gas da tsoron yoyo.

Shi kuwa injin busar da kaya ɗan ƙasashen sanyi ne, inda rigar da aka shanya a waje da hunturu ƙanƙara take zama. Wajen shekarar 1800 an yi wata ganga mai huji a Faransa da ake juyawa da hannu a kan wuta, wadda ke mayar da kaya da ƙaurin hayaƙi. A 1892 wani Baƙar fatar Amurka, George T. Sampson, ya yi rajistar wata dabara ta amfani da zafin murhu. Injin da aka sani yau ya samo asali ne daga J. Ross Moore na jihar Dakota ta Arewa, wanda kamfanin Hamilton ya fara ƙera nasa yana sayarwa a 1938. Tun daga farko iri biyu aka yi, na gas da na lantarki, kuma gardamar wanne ya fi ta taso tare da shi.

Aikinsu ɗaya ne. Ganga tana juya kaya, fanka tana hura musu iska mai zafi, danshi yana fita ta bututu. Bambancin yana wurin abin da ke ɗumama iskar: a ɗaya waya ce da lantarki ke gasawa, a ɗayan harshen wutar gas ne. Na gas ɗin ma yana bukatar lantarki kaɗan don juya ganga da fanka da kunna wutar, 'yan ɗaruruwan wat kawai. Na lantarki zalla yana jan kilowat 2 zuwa 3 idan ƙirar Turai ne, ƙirar Amurka kuwa ya kan kai 5. Wannan ci ba laifin maƙeri ba ne. Mayar da lita ɗaya ta ruwa tururi yana cin kusan kashi biyu cikin uku na yunit ɗaya na wuta, kuma lodin wanki na kilo 5 da inji ya matse yana riƙe da ruwa wajen lita 3. Idan aka haɗa da zafin da ke salwanta, lodi ɗaya ya kan ci yunit 3 zuwa 4. Kayan da aka matse da hannu sun fi haka ruwa nesa ba kusa ba. Akwai sabon samfuri da ya fito a Turai a ƙarshen shekarun 1990, mai sake amfani da zafinsa, wanda ke cin kusan rabin wannan, amma ya fi tsada kuma ya fi jinkiri.

A Amurka lissafin ya dogara da ko akwai bututun gas a gidan. A Kano babu gidan zama da gas ke zuwa masa ta bututu. Bututun Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano mai tsawon kilomita 614, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a Yunin 2020, an tsara shi ne don tashoshin wuta da masana'antu. Gas ɗin da ake da shi na tukunya ne, wanda ake aunawa a kilo, kuma injin da aka ƙera don gas ɗin bututu ba a haɗa shi da tukunya sai an canza masa bakin fitar wuta, in ba haka ba harshen ya yi yawa ya yi baƙin hayaƙi. Kilo ɗaya na gas ɗin tukunya yana ɗauke da zafin da ya kai na yunit 13 na lantarki, wato tukunya mai kilo 12.5 za ta iya busar da lodi wajen 40. A ɓangaren lantarki kuma, a Afrilun 2024 hukumar NERC mai kula da harkar lantarki ta ɗaga kuɗin yunit zuwa naira 225 ga masu rukunin A, waɗanda aka yi wa alƙawarin wuta ta awa 20 a rana. Wanda ba ya wannan rukuni yana biyan ƙasa da haka, amma ba ya samun wutar da zai dogara da ita. Idan ya koma ga janareta, asarar ta ninka, domin injin yana watsar da mafi yawan ƙarfin mai a matsayin zafi da hayaƙi kafin ɗan abin da ya rage ya zama lantarki, sannan a sake mayar da lantarkin zafi a cikin ganga. Tun cire tallafin fetur a Mayun 2023 wannan hanya ta zama ta wanda bai san zafin kuɗinsa ba.

Wudil ta yau ba ta rasa masu bukatar wanki da yawa cikin gaggawa ba. Akwai jami'ar kimiyya da fasaha da ta buɗe a 2001, wadda aka sauya wa suna zuwa ta Aliko Ɗangote a 2022, akwai Makarantar Horar da Manyan Jami'an 'Yan Sanda, ga babban asibiti, ga baƙin da kasuwar shanu ta ranar Juma'a ke jawowa. Ga asibiti ko masauki ko shagon wanki da ke sarrafa zannuwan gado da tawul kullum, har da marka, injin gas ya fi dacewa, saboda ƙaramin janareta ko sola na iya juya gangarsa. Sharaɗinsa shi ne bututun hayaƙi ya fita waje, tukunya ta zauna inda iska ke ratsawa, a kuma riƙa kwashe audugar da ke taruwa a matata bayan kowane lodi, domin ita ce ke haddasa gobara a irin waɗannan injuna, na gas ne ko na lantarki. Shadda mai sitati da kayan aiki na zare ba sa shiga cikinsa. Zafi da juyi suna karya su.

Ga magidanci a Dagumawa kuwa, ko ɗaya daga cikin biyun bai cancanci kuɗinsa ba, tun da a shekara makonni kaɗan ne rana ke gazawa. Abin da ya fi amfani shi ne ƙaramin injin wanki mai tukunya biyu, irin wanda ya yawaita a kasuwannin Kano, domin tukunyar matsarsa tana fitar da mafi yawan ruwa cikin minti biyar da wutar da ƙaramin janareta ke iya bayarwa. Kayan da aka matse haka suna bushewa a igiyar cikin rumfa ko da a tsakiyar Agusta ne, abin da ya saura kuma dutsen guga ya ƙarasa.